Kar ka saki kuɗinka kan injin eshek tukuna

Salamu alaikum Malam. Ni ɗan lise ne a Marwa, kullum da yamma muna buga eshek, wato chess, da abokai kuma ana cin ni sosai. Na tara sefa dubu 120, wani ya ce in sayi laptop ɗan gwanjo zai saka min injin eshek na kuɗi, wato manhaja mai nuna wa mutum kuskurensa. In saya?

Wa alaikumus salam ƙanena. Toh, dan Allah riƙe kuɗinka tukuna. Injin da ake gwada sauran da shi a yau sunansa Stockfish, kuma kyauta ne, tun 2008 da ya fito ba a sayar da shi. Wayar Android ɗinka ma ta isa, ka sauke DroidFish ko manhajar Lichess kana da shi a aljihu, kuma DroidFish ko babu rezo yana aiki, mega ɗinka na nan. Ka tuna a 1997 sai da kamfanin IBM ya haɗa ƙatuwar na'ura Deep Blue kafin ta doke Kasparov, zakaran eshek na duniya a lokacin, yau abin da ke wayarka ya fi ta ƙarfi nesa ba kusa ba, musamman tun 2020 da aka saka wa Stockfish 12 wannan ƙwaƙwalwar NNUE da ta koyi auna wasa daga miliyoyin yanayin wasa a kan allo. Babban gwani Magnus Carlsen da ya kai maki 2882 a ma'aunin ƙarfin 'yan wasa ma ba zai ja da shi ba, balle mu.

Akwai na kuɗi masu kyau irin su Fritz da Komodo Dragon, amma abin da suke ƙarawa ba shi ne damuwarka yanzu ba. Leela Chess Zero ita ma kyauta ce sai dai tana son katin hoto mai ƙarfi, wato ɓangaren kwamfuta mai sarrafa hotuna, laptop ɗan gwanjo ba zai ɗauke ta ba, ga zafinmu na Maris da Afirilu, na'ura in ta ɗau zafi da kanta take rage gudu. Da ni ne kai, fawa bank zan saya saboda ɗaukewar wuta, da allo mai kyau, da littafin rubutu. Ka rubuta wasanka, ka zauna kai kaɗai ka nemo inda ka zame, sannan ka kunna injin ka ga ko kun yi daidai. In ka fara da injin kallon lambobi kawai za ka yi, gobe a sake cin ka a wuri ɗaya, wannan abin yana damuna ga yaranmu wallahi.

Malam, daga Kusseri nake. Ni da yayana duk Stockfish ne a wayoyinmu amma wani lokaci amsarsu ta bambanta, wanne ne ya lalace?

Babu wanda ya lalace ɗan'uwa. Duba lambar zurfi da injin yake nunawa, wato yawan takun da ya hango gaba, wayar da ta fi gudu ta fi hango nesa a daƙiƙa ɗaya, kuma ƙila sigar ba ɗaya ba ce. Ku daidaita siga ku bar su minti biyu, galibi za su haɗu. In kuma kun haɗa su wasa goma don sanin gwani, goma ba ta nuna komai, masu gina Stockfish a dandalinsu na gwaji, Fishtest, sai sun buga wasa dubbai a kwamfutocin 'yan sa kai kafin su karɓi gyara guda.