Amsa ga ƙanenmu da furodusa ya nemi labarin zanensa

Assalamu alaikum 'yan gida na wannan zaure namu na intanet. Ƙanena, tun daren jiya na ga tambayarka. Sau biyu ina rubuta amsa ina gogewa, don ka fama mini miki ne ba ka sani ba. Ka ce wani furodusa ya ga labarin zanenka a Facebook, yana so ya mai da shi fim da mutane na gaske, kai kuma gabanka na faɗuwa kada a yi maka abin da aka yi wa Dragon Ball, labarin zanen nan na Japan da aka lalata a fim. Kana tambaya me ke lalata irin waɗannan fina-finai, kuma ka yarda ko ka ƙi. To ni ganau ne, ba jiyau ba.

Tsofaffin gidan nan sun san yaron nan ɗan dambe da na kwashe shekara uku ina zanawa, mai in'ina, wanda ya tashi a hannun kakarsa mai tuyar ƙosai, wanda in ya ɗaure hannu ya shiga fage zaren ke kamawa da wuta, gashinsa ya miƙe tsaye. Ba sai na maimaita ba.

Furodusan da ya zo mini neman labarin nan, wallahi in ka ji bakinsa sai ka ɗauki mukullin gidanku ka ba shi. Har shagon da nake aiki ya same ni, ya zauna a kan benci, ya karanto mini maganganun Iya, kakar yaron, da ka, har da wurin da take cewa yaron ya ci abinci kafin ya tafi a doke shi. Ya rantse ko wasali ba za a canza ba. Da na kawo zancen mu rubuta yarjejeniya sai ya ɓata rai, wai haba, tsakaninmu har sai da takarda? Kunya ta kama ni. Na ɗauko ainihin shafukan da na zana da hannuna, ba ma hotonsu ba, na zuba masa a leda na miƙa masa.

Sai da aka yi wata biyu na samu ganin rubutun fim ɗin, shi ma da kyar, a wayar wani yaronsa. Iya, wadda ita ce ƙashin bayan labarin, an bar mata fitowa biyu. An kawo wata budurwa 'yar mai kuɗi da babu ita a ko'ina cikin zanena, an saka waƙa biyu da rawa. In'inar ma an cire, wai jarumin ya ce za ta zubar masa da aji a wurin masoyansa. Na kira shi ina rawar murya. Abin da ya faɗa mini har gobe yana kunnena: wai ni zane na iya, kasuwa kuwa su suka san ta.

Kuma ka duba, shi ne fa ainihin abin da aka yi wa Goku, jarumin Dragon Ball, a fim ɗin 2009. Yaron da ya tashi a dawa a hannun kakansa, bai san komai ba sai ci da faɗa, zuciyarsa fara fat, aka mai da shi ɗan sakandaren Amurka da ake cin zalinsa a makaranta yana bin yarinya da kallo. Mutane suna ta zagin gashin Justin Chatwin, wanda ya fito a matsayin Goku, amma ba gashin ne ya kashe fim ɗin ba. An zare halin Goku ne aka bar sunansa. Marigayi Akira Toriyama, mai zanen Dragon Ball, da bakinsa ya ce ya ba su shawara ba su saurare shi ba. Wanda ya rubuta fim ɗin, Ben Ramsey, a 2016 ya fito ya nemi afuwar masoya, ya amsa cewa kuɗi ya bi, ba ƙaunar labarin ta kai shi ba. Ranar da na karanta wannan na daɗe zaune. Shi ko ba komai ya ba da haƙuri. Nawa mutumin har yau in mun haɗu a wurin ɗaurin aure sai ya miƙo hannu yana dariya kamar ba a yi komai ba.

Amma bari in faɗa maka nawa laifin, don shi ne abin da ya fi ci mini rai kuma shi ne zai fi yi maka amfani. Da na ga sun ƙwace labarin, sai na kafe a kan abu ɗaya: dole gashin yaron ya miƙe kamar yadda na zana. A kan gashi na yi rigima, a kan gashi na yi fushi na bar lokeshan, Iya kuwa na sakar musu ita. Suka sayo hular gashi, aka cika ta da gam aka tsayar da ita, muka fita ɗauka cikin zafin Afrilu. Kafin azahar ta fara karkacewa. Abin da alƙalami ke yi a takarda ido ya karɓa, in ka ɗora shi a kan ɗan Adam mai gumi da ƙurajen aski, ido ba ya karɓa. A zane layi uku sun isa su ce maka wannan yaron ya fusata, kai ne ke cike sauran a zuciyarka. Kamara kuwa ba ta bar maka komai ka cike ba, komai tana nunawa.

Kun tuna tirelar farko ta fim ɗin Sonic, bushiyar nan ta gem, a Afrilun 2019, da aka yi masa haƙoran mutane da ƙananan idanu? Duniya ta yi caa, sai da aka ɗaga fitar fim ɗin daga Nuwamba zuwa Fabrairun 2020 aka sake masa siffa. Su suna da aljihun da za su koma su gyara. Mu in an ɗauka an ɗauka ke nan. Sannan dubi One Piece na Netflix da ya fito a 2023, shi ma daga labarin zane na Japan aka ɗauko shi. Ina dogon hancin Usopp? Babu. Ina murɗaɗɗiyar girar Sanji? Babu. Wa ya fasa kallo saboda haka? Luffy, jarumin labarin, ɗan Meziko ne ya fito a matsayinsa, Iñaki Godoy, a Afirka ta Kudu aka yi ɗaukar, amma da ya buɗe baki ya yi dariyar nan ka san shi ne. Dalili kuwa mai zanen, Eiichiro Oda, yana tsaye a kan kayansa, an yi da shi cewa ba za a saki fim ɗin ba sai ya gamsu. Da na san wannan a lokacin, da na bar musu gashin sun aske shi tal, na riƙe Iya da in'inar da hannu biyu.

Ka tambayi furodusan nan tun yanzu: fim guda zai yi ko mai dogon zango? Babi nawa zai cusa a ciki? Wannan ma wani rami ne. Zangon farko na katun ɗin Avatar: The Last Airbender kashi 20 ne, M. Night Shyamalan ya matse shi a fim ɗin da bai kai awa biyu ba a 2010, sai ya zama mutane na tsaye suna yi wa juna bayanin abin da ya kamata mu gani da idonmu, kuma jarumin, Aang, mai yawan wasa da dariya ya koma kamar wanda aka yi wa rasuwa. One Piece kuwa awa kusan takwas aka ba shi, kashi 8. Nawa babi goma sha huɗu aka tura a awa ɗaya da rabi, a ciki kuma waƙoƙi suka cinye kusan kwata.

Masu gem ma kada ku ce ba ruwanku. Daɗin gem shi ne kai ke riƙe da fad ɗin bugawa, kai ke mutuwa ka sake tashi. Tun muna yara a shagon gem na bakin layinmu, in ba kai ke bugawa ba minti goma ya isa ka gaji da kallon wani. Fim kuwa kallon wani ne daga farko har ƙarshe. Shi ya sa fim ɗin The Last of Us na tashar HBO, da aka ɗauko daga gem, ya rage yawan faɗa, ya cire ma abin rufe fuskar nan da ake sawa a gem ɗin, don a ga idon 'yan wasa. Kuma Neil Druckmann, mai gem ɗin, yana cikin waɗanda suka shirya shi. Ka ga dai maganar ɗaya ce take ta dawowa.

Na roƙi furodusan nan nawa, Allah ne shaida, na ce ya bar zancen wutar kwamfuta, mu je gidan dambe mu ɗauko 'yan dambe na gaske da makaɗansu, a yi turmi uku na gaskiya, ƙura ta tashi, kalangu ya yi magana. Na nuna masa fim ɗin Japan Rurouni Kenshin na 2012 a wayata, yadda jarumin, Takeru Satoh, ke gudu da takobi da jikinsa, ba siddabaru ne ke ɗauke da faɗan ba. Ya kalli rabin minti ya miƙo mini wayar. Wai 'yan dambe ba su iya aktin ba.

Ranar da aka haska fim ɗin na je da mahaifiyata da kawuna. Ni na matsa mata ta zo, ita da ba ta shiga irin waɗannan wurare. Akwai shafin da Iya ke rasuwa. Waɗanda suka karanta sun san babu kalma ko ɗaya a shafin, hoto uku ne kawai: kaskon tuya a kife, hannun yaron yana kwance zaren, sai wutar tana mutuwa a hankali. A satin da kakata ta rasu na zana shi, a ɗakinta, a kan tabarmarta. A fim ɗin, jarumin ya durƙusa yana kururuwa, hular gashin ta zamo ta rufe masa gira ɗaya, wutar da edita ya liƙa kuma tana ci a iska, gefe guda da hannun. Wani ya fara dariya daga baya. Sai ɗakin gaba ɗaya ya ɗauka. Har da masu tafi da fito. Na juya na kalli mahaifiyata, ta sunkuyar da kai tana jan bakin mayafinta, don ita ta san ko shafin wa ke nan. Ba ta ce mini komai ba har muka isa gida. Da za ta shiga ɗaki sai ta ce, Allah ya jiƙan Iya. Shi ke nan. Na fi son a ce zagina ta yi.

Ban yi barci ba a daren. Da aka zo jerin sunaye a ƙarshe, nawa yana can ƙasa wajen godiya ta musamman, tare da mai kawo abinci da mai hayar janareta, kuma ba a ma rubuta shi daidai ba. Daga baya labari ya dawo mini cewa yana faɗa wa mutane wai labarin ne tun asali ba shi da ƙarfi. Shafukana kuwa da na je karɓa, goma sha ɗaya babu su, wai ruwa ya taɓa su a ofis. Har da wancan shafin. Kusan shekara biyu na yi ban riƙe fensir ba.

Don haka ƙanena, ban ce ka ƙi ba. Ina so in ga ranar da za a yi fim ɗin zanen ɗayanmu mu cika sinima. Amma kada ka ji kunyar takarda, kunyar nan ita ta kai ni inda na faɗa maka. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ma ba ta ɗaukar an sallama wa wani haƙƙin aiki sai a rubuce, to ka riƙe wannan, kuma ka samu lauya ko da na unguwa ne ya duba kafin ka sa hannu. A rubuta cewa za ka ga rubutun fim ɗin kafin a kunna kamara, za ka kasance a lokeshan, sunanka zai fito a matsayin mai labari, kuma in ya yi shekara biyu bai yi fim ɗin ba kayanka sun dawo hannunka. Ainihin shafukanka ko da wasa kada su bar ɗakinka, ka ba shi hoto. Ka ce a fara ɗaukar fitowa guda ta minti uku, wadda ta fi wuya, ku zauna ku kalla tare. In ya ƙi wannan, ka san inda ya dosa. Kuma in ya fara ce maka shi ya san kasuwa, ka tuna da ni.

Ka zauna yau da daddare ka rubuta abu uku da in aka taɓa su labarinka ya mutu. Uku kawai. In ka ga kaya ko gashi ko launin takalmi ya shigo cikin ukun, ka goge ka sake tunani. Sauran ka sakar masa, don shi ma yana da nasa ciwon kan na kuɗi da 'yan wasa, wannan gaskiya ne ko da ba na son faɗa. Ka turo mini ukun ta akwatin saƙo in ka ga dama, zan duba maka tsakani da Allah.

Sannan ina da roƙo ga 'yan gida, ku yi haƙuri na fita daga zancen. Lokacin da raina ya ɓaci na goge duk abin da na taɓa ɗorawa a nan. In akwai wanda ya taɓa ajiye hoton babi na tara a wayarsa, shafin kaskon nan, ko da ya dushe ne, don Allah ya turo mini. Na gwada sake zana shi sau huɗu, hannun yaron ba ya fitowa yadda yake.