Amsa kan zaɓi tsakanin injiniyan gine-gine da na lantarki

Malam, ka tambaya ko wanne ya fi dacewa ƙanenka ya nema a Jami'ar Bayero, injiniyan gine-gine ko na lantarki, kuma wanne ne ya fi saurin samar da aiki. Kowannensu shekara 5 ake yi, kuma a jarrabawar JAMB darussansu ɗaya ne: Turanci, lissafi, fiziks da kimiyyar sinadarai. Idan bai samu gurbi a can ba, akwai Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke Wudil.

A ganina, lantarki ya fi buɗe ƙofofi a Kano a halin yanzu, domin ƙarancin wuta ya sa gidaje da asibitoci da shaguna sun koma ga sola, masana'antun Sharaɗa da Challawa da Bompai kuma suna bukatar masu kula da injinansu, ta yadda matashi zai iya tsayawa da ƙafarsa tun kafin ya samu aikin albashi. Gine-gine kuwa ya fi dogara da kwangila, wadda takan zo ta ɗauke, ko da yake manyan ayyuka irin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi suna bukatar ƙwararru.

Ya kamata ka tabbatar hukumar COREN ta amince da kwas ɗin, tunda ita ce ke yi wa injiniyoyi rajista. Horon SIWES kuma, wato koyon aiki a masana'anta ko kamfani na wata 6 da ɗalibai ke yi a shekara ta huɗu, ya neme shi a inda zai taɓa aiki da hannunsa, saboda sau da yawa a nan ake haɗuwa da wanda zai ɗauke shi aiki bayan hidimar ƙasa.