Amsa kan ratsa tsakanin motoci da babur a cunkoso

Malam, ka tambaya yadda mai babur zai ratsa tsakanin motoci idan hanya ta cushe ba tare da ya jefa kansa cikin hatsari ba. Sharaɗin farko shi ne kada gudunka ya zarce na motocin sai da kaɗan, ta yadda idan fasinja ya buɗe ƙofa, ko mai talla ya ɓullo daga bayan bas, za ka iya tsayawa nan take. Ka ɗora yatsu biyu a kan birkin gaba tun kafin ka shiga.

A ganina, kallon tayar gaba ta motar da ke kusa da kai ya fi kallon siginarta amfani, domin direbobi da yawa suna karkata ba tare da sun kunna ta ba, musamman masu A Daidaita Sahu idan sun hango fasinja a bakin titi.

Tirela da tankar mai kuwa, kada ka shiga gefensu kusa da kwana ko shataletale, saboda direban ba ya ganinka a madubi, tayoyin baya kuma suna matsowa ciki idan motar ta juya.