Amsa ga mai shirin buɗe situdiyon tace bidiyo a Agege

Assalamu alaikum. Malam, ka tambaya wace manhaja da wace kwamfuta suka dace da situdiyon da kake shirin buɗewa a Agege ta Legas don tace bidiyon bukukuwa da tallace-tallace, ka kuma ce kuɗin da ke hannunka ba zai ishi sayen komai a lokaci guda ba.

Kafin ka zaɓi manhaja, ka duba mutanen da za ku riƙa musayar aiki da su. Yawancin masu tacewa da kamfanonin talla da na yi hulɗa da su a Ikeja da Lekki da manhajar Premiere Pro ta kamfanin Adobe suke aiki, saboda haka idan za a riƙa turo maka aikin da wani ya fara don ka ƙarasa, ko kana son ɗaukar yaron da hannunsa ya riga ya faɗa, ita ce mafi sauƙi. Illarta ita ce haya kake yi, domin Adobe kuɗin wata ko na shekara yake karɓa, kuma duk lokacin da dala ta tashi sai ka ji a jikinka. Idan kuwa aikin naka ne tun daga ɗauka har miƙawa, ni DaVinci Resolve ta kamfanin Blackmagic Design zan ce ka riƙe. Iri biyu ce: ta kyautar tana fitar da bidiyo har Ultra HD, wato girman hoto mai kaifi sosai da aka fi kira 4K, babbar kuma, wato Studio, dala 295 ce, biya ɗaya. Ƙarfinta a gyaran launi yake, kuma a nan ne aikin biki ke wahalar da mutum: ango cikin farar shadda a ƙarƙashin fitilun zaure, idan ka haskaka fuskarsa shaddar ta ƙone, idan ka ceto shaddar fuskar ta dushe. A Resolve kana iya ware fuskar ka gyara ta daban, gyaran kuma ya riƙa bin ta duk inda ta juya. Final Cut Pro tana da sauri, amma a kayan Apple kaɗai take aiki. Manhajar sata da ake ɗora wa mutum a kasuwa kuwa, kada ka kusance ta da aikin mutane.

Game da kwamfuta, ta tebur ta fi laftof araha da jure zafin Legas, kuma ana iya ƙara mata kaya daga baya. Don aikin 4K kada RAM, wato wurin da kwamfuta ke riƙe aikin da take kai, ya gaza gigabait 32, katin hoton, wato sashen kwamfuta da ke sarrafa hoto, ya zama na kamfanin NVIDIA mai aƙalla gigabait 8, musamman ga Resolve wadda ta dogara da shi sosai. Abin da masu shago ba sa faɗa shi ne, irin fayil ɗin da kyamararka ke fitarwa shi ke nuna ko injin zai yi tsaitsaye. Kyamarorin Sony da Canon na zamani suna iya ɗauka da wani tsarin fayil mai wuyar buɗewa, H.265 mai 10-bit 4:2:2, wanda kwamfutocin Apple masu ƙwaƙwalwar M da masu ƙwaƙwalwar Intel ta zamani mai Quick Sync, wato sashen buɗe bidiyo, suke buɗewa cikin sauƙi, alhali wasu injina masu tsada suna shan wuya da shi. Don haka ranar da za ka shiga Computer Village, kasuwar kwamfuta ta Ikeja, ka tafi da katin kyamararka, ka sa a kunna bidiyonka a cikin manhajar, ka ja shi gaba da baya kafin ka biya, balle idan tokunbo ce, wato wadda aka yi amfani da ita a ƙasar waje. In injin ya ɗan gaza, yin ƙananan kwafi marasa nauyi don tacewa yana rufa asiri.

Wuta ce ya kamata ta ci kuɗi kafin babban allo. Ɗaukewar wuta ana tsakiyar fitar da aiki tana iya lalata fayil, a wasu lokutan har da faifan da ake ajiye fayilolin, saboda haka UPS, wato batirin da ke riƙe kwamfuta na ɗan lokaci idan an ɗauke wuta, wajibi ne ko da akwai janareta, inbata da batura kuma su biyo baya idan hali ya samu. Ka riƙa tacewa a kan faifan ajiya mai sauri, wato SSD nau'in NVMe, amma kada a goge katin kyamara sai an kwafe shi a ma'ajiya biyu daban, ɗaya ta kwana a gida. Ka kuma rubuta wa mai biki a takardar yarjejeniya tsawon watannin da za ka ajiye masa ɗanyen bidiyonsa, domin 4K na cika faifai da sauri, kuma akwai masu dawowa neman nasu bayan shekara biyu.