Tambaya da Amsa: Shin da asiri Alhassan Ɗantata ya tara dukiyarsa?

Tambaya: Malam, ƙanena ya bar shagon da yake koyon kasuwanci ya koma bin bokaye, wai babu wanda ya taɓa yin kuɗi irin na Alhassan Ɗantata ba tare da asiri ba. Hankalin mahaifiyarmu a tashe yake. Mene ne gaskiyar tarihin mutumin nan?

Amsa: Allah Ya shirye shi, Ya kwantar wa Hajiya da hankali. Wannan magana kusan kullum sai na ji ta, har daga bakin waɗanda suka yi karatu mai zurfi, kuma tana ɓata mini rai, domin hanyar da Ɗantata ya bi ba a ɓoye take ba.

An haife shi a Bebeji a 1877 cikin Agalawa, mutanen da fatauci ya zame musu gado. Da goro ya fara, yana bin hanyar Gwanja, kuma yana cikin waɗanda suka fara gane cewa ɗora kaya a jirgin ruwa daga Akara zuwa Ikko ya fi jan ayarin jakuna na tsawon watanni. Da layin dogo ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta yi daraja, kuma a 1918 kamfanin Niger Company ya nemi ya riƙa saya masa ita. Kamfani ya ba shi kuɗi gaba, shi kuma ya rarraba wa yaransa, su shiga kasuwannin ƙauye da sikeli da buhuna, idan kaka ta ƙare a zauna a yi lissafi. A 1929, lodin raƙuma 20 na kuɗin azurfa ya kai ajiya banki a Kano. Wane aljani ne yake kai kuɗi banki a ƙirga a rubuta?

Abin da mai yaɗa jita-jitar asiri ba ya son ji shi ne, wannan harka gaba ɗaya a kan amana ta tsaya. Da ya ci kuɗin kamfani sau ɗaya, ko yaransa sun tauye wa manoma awo, da kakar baɗi babu mai ba shi ko sisin kwabo. Boka kuwa, wanda shi kansa yake jiran abin da ƙanenka zai ajiye masa kafin ya ci tuwon dare, da me zai azurta wani? Haka ake sayar da gonar gado a kai wa ɗan damfara mai “ninka kuɗi”, wasu ma har takan kai su ga zubar da jinin bayin Allah, ga shirka ga kisan kai, sannan su ƙare a gidan yari hannu rabbana.

Ɗantata ya rasu a 1955, kuma 'ya'yansa sun faɗaɗa harkar zuwa gine-gine da masana'antu. Ɗansa Alhaji Aminu, wanda ya rasu a 2025 aka binne shi a Madina, ya shahara da taimakon asibitoci da makarantu da masallatai, sannan Aliko Ɗangote jikan wani ɗan nasa ne, Alhaji Sanusi Ɗantata, ta wajen uwa.

Ka samu ubangidan ƙanenka ka ba shi haƙuri tun bai ɗauki wani yaron ba, ku haɗu da Hajiya ku mayar da shi shago.