Tambayoyinku kan fom mai canza kama: a zaɓi jiha, ƙananan hukumomi su fito

Tambayoyin wannan makon duk wuri guda suka dosa: fom ɗin shafin intanet da ke sauyawa gwargwadon abin da mai cikawa ya zaɓa.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina gina fom ɗin rajistar ɗalibai. Ina so idan mutum ya zaɓi jiharsa, akwati na biyu ya kawo ƙananan hukumomin wannan jihar kaɗai. Ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ka fara da tsara bayanan tun kafin ka taɓa fom ɗin. Ƙananan hukumomin Najeriya 774 ne. Ka zuba su a fayil ɗin JSON guda (tsarin rubuta bayanai da JavaScript ke karantawa cikin sauƙi), kowace jiha da jerinta: Kano 44, Katsina 34, Bayelsa 8, haka har ƙarshe. Fayil ɗin bai kai nauyin hoton waya ɗaya ba, don haka ka ɗauko shi sau ɗaya lokacin da shafi ke buɗewa. Komawa uwar garke (server, kwamfutar da ke riƙe da shafin) duk sanda aka canza jiha wahalar da mai raunin netwok ne kawai.

Akwatin jihohi zaɓi 37 zai ɗauka, idan an haɗa da Abuja. A allon waya wannan doguwar tafiya ce, sai ka kasa su shiyya-shiyya da `optgroup`. Misali `<optgroup label="Arewa maso Yamma">`, a ƙarƙashinsa Kano, Katsina, Kaduna, Jigawa, Sakkwato, Kebbi da Zamfara. Sunan shiyyar kanun jeri ne kawai, ba ya zaɓuwa, kuma ba a saka `optgroup` cikin wani `optgroup`.

Sannan ka ɗora `change` a kan akwatin jiha, wato aikin da zai tashi duk sanda aka canza zaɓi. Da zarar an canza, ka fara share akwati na biyu tas, ka mayar da layin "Zaɓi ƙaramar hukuma" wanda ƙimarsa fanko ce, ka zuba sabon jeri, sai ka cire masa `disabled`, alamar da ke kashe akwati kafin a zaɓi jiha. Sharewar nan ita ake yawan mantawa. Mutum ya zaɓi Kano, ya koma Katsina, sai ya tarar da Daura da Funtuwa a ƙarƙashin Dala da Fagge.

Akwai ramuka biyu da sai wanda ya san sunayen garuruwanmu zai hango su. Na farko, Jama'are, Jema'a da Mai'adua. Idan da hannu kake haɗa rubutun HTML, ka rubuta `value='Jama'are'`, burauza za ta ɗauki waƙafin saman da ke tsakiyar sunan a matsayin rufewa, abin da zai isa wurinka "Jama" ne. Ka yi amfani da `new Option(suna, lamba)`, ita ba ruwanta da waƙafi. Na biyu, sunaye suna maimaituwa: akwai Obi a Binuwai da Nasarawa, Surulere a Legas da Oyo, Bassa a Filato da Kogi. Shi ya sa lamba za ka ba kowace ƙaramar hukuma, lambar kuma ita za ka adana. Wanda ya adana suna tsura, ranar fitar da ƙididdiga zai ga mutanen jihohi biyu sun zama na gari ɗaya.

Tambaya: Malam, a fom ɗina akwai sashen bayanan miji ko mata da na ɓoye da `display:none` idan mutum ya ce ba shi da aure. Tun daga nan maɓallin turawa ya daina aiki, kuma ba ya nuna kuskuren komai.

Amsa: Malama, yana nunawa, a inda ba ki duba ba ne. Ki danna F12 a Chrome ki buɗe Console, za ki ga jan rubutu mai ƙarewa da "is not focusable". Ma'anarsa, cikin akwatunan da kika ɓoye akwai mai `required`, wato wanda dole a cike. Burauza ta ga babu komai a ciki, tana so ta kai mai cikawa wurin ta ce masa ya cike, amma wurin ba ya ganuwa. Sai ta tsaya cak.

Asalin matsalar shi ne ɓoyewa ba kashewa ba ce. Abin da kika kawar daga ido yana nan daram a cikin fom. Har ma akwai ɗaya gefen da ya fi wannan muni, domin shi ba ya hana turawa: mutum ya ce yana da aure, ya rubuta sunan matarsa, ya dawo ya canza zuwa marar aure. Sashen ya ɓace, amma sunan zai bi fom ya tafi. A rumbunki sai a sami gwauro mai mata.

Maganin duka biyun ɗaya ne. Ki tattara akwatunan sashen cikin `fieldset` guda, ki riƙa ba shi `hidden` da `disabled` tare, ki kuma cire su tare. Idan `fieldset` ya zama `disabled`, akwatunan cikinsa ba a tantance su, ba a kuma tura su. Layi biyu sun wadatar, maimakon bin akwati ɗaya-ɗaya.

Ki lura da abu biyu. Idan kin ba sashen `display:flex` a CSS, zai rinjayi `hidden`, sashen ya ƙi ɓuya. Sannan ki kira aikin ɓoyewar sau ɗaya da buɗewar shafi, ba sai an canza zaɓi ba, saboda Firefox kan dawo da abin da aka zaɓa bayan an sabunta shafi, sai a ga "mai aure" a sama amma sashen a rufe. Uwar garke kuma dole ta sake duba sharaɗin da kanta. Duk wanda ya iya danna F12 zai iya goge `disabled` cikin daƙiƙa biyar.

Tambaya: Akwatin bincikena yana kawo sakamako tun ana rubutu, amma wani lokaci na rubuta "Dambatta" sai ya nuna sakamakon "Da".

Amsa: Ɗan'uwa, kowane harafi saƙo guda yake turawa, kuma ba lallai amsoshin su dawo bisa jerin da suka tafi ba. Amsar "Da" ta makara a hanya, ta iso ƙarshe, ta danne ta gaskiya. Ka sa jinkiri na kamar milisakan 300 bayan harafin ƙarshe kafin a tura, da `setTimeout` da `clearTimeout`. Jinkirin rage matsalar yake yi, ba ya kashe ta. Abin da ke kashe ta shi ne `AbortController`: kafin sabon `fetch` (saƙon neman sakamako) ya tafi, ka soke na baya da shi.

Tambaya: Ina da maɓallin "Ƙara wani" mai kawo sabon layi. Maɓallin gogewa yana aiki a layin farko kaɗai.

Amsa: Lokacin da ka ɗora `addEventListener`, layin farko ne kawai a duniya, kuma `cloneNode` ba ya kwafo shi zuwa sababbin. Ka ɗora shi sau ɗaya a kan uwar da ke riƙe da layukan, ka gano wanda aka danna da `event.target.closest`. Ka kuma sauya `id` na kowane sabon layi, in ba haka ba danna lakabin layi na uku zai kai ka akwatin layi na farko.

Tambaya: Da Shiny nake aiki, kayan gina shafin intanet da harshen R. `conditionalPanel` ya ƙi jin sharaɗina, na rubuta `input$jiha == "Kano"`.

Amsa: Sharaɗin nan a burauza yake gudana, saboda haka JavaScript ne, ba R ba, kuma a matsayin rubutu ake ba da shi: `condition = "input.jiha == 'Kano'"`. Ɗigo ne a wurin alamar dala. In a cikin modul kake, ka ƙara `ns = ns`. Shi ma ɓoyewa kawai yake yi, ƙimar akwatunan ciki tana nan a `input`, don haka ka sake gwada sharaɗin a ɓangaren `server`. Ga jiha da ƙaramar hukuma kuwa ba shi ne kayan aikin ba. Ka kira `updateSelectInput` cikin `observeEvent(input$jiha, ...)`, ka fara da `freezeReactiveValue(input, "karamar_hukuma")`, don kada jadawalinka ya yi lissafi da Katsina da Dala a ɗan tsakanin kafin sabon jeri ya iso.