Na sayi adaftar DAC da hedifon mai tsada, sauti yana katsewa kuma kunnena ya fara tsuwwa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Agege, wurin aikina yana Apapa. Na tara kuɗi na sayi adaftar DAC (mai juya sautin dijital zuwa wanda hedifon ke fitarwa) mai shiga ramin caji da hedifon mai waya, don in riƙa jin karatun Alƙur'ani da tsofaffin waƙoƙinmu da aka tura min a FLAC (nau'in fayil ɗin sauti da ba ya rage inganci) mai bit 24 da kilohaz 96. Sautin yana katsewa, fitilar adaftar kullum launin kilohaz 48 take nunawa, ƙarar kuma ba ta ishe ni a mota. Mai gyara ya shiga wani ɓoyayyen saiti ya ɗaga ƙarfin sautin, ya sa min manhajar ƙara murya, ya ce irin wannan sauti sai an ƙure shi ingancinsa ke fitowa. Yanzu in na cire hedifon da dare kunnena na dama yana tsuwwa. An cuce ni a kayan ne, ko laifin wayar ne? Hankalina ya tashi.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka goge manhajar nan yau, kafin ka ƙarasa karanta amsata. Sauran matsalolin duk masu sauƙi ne, bari in sallame su tukuna.

Launin 48 ba shaidar an cuce ka ba ne. Android tana haɗa duk sautin waya wuri guda, kira da sanarwa da waƙa, kuma a yawancin wayoyi tana mayar da su kilohaz 48, wato awon sautin sau 48,000 a daƙiƙa, kafin ta miƙa wa adafta. In kana son 96 ɗin ta isa yadda take, sai ka yi amfani da manhajar da ke tsallake wannan mahaɗa ta yi magana da adaftar kai tsaye, irin su USB Audio Player PRO ko HiBy Music. Android 14 da ta fito a 2023 ta buɗe ƙofar yin haka, amma sai wayar da manhajar duk sun goyi baya. Ka rage ƙara zuwa ƙasa kafin ka sa hedifon a karon farko, domin a wannan yanayi wasu adaftocin da cikakken ƙarfinsu suke tashi.

Katsewa kuwa, fara da ramin caji. Ƙura da zaren aljihu suna taruwa a ciki, ga laimar Legas, sai adafta ta ƙi zama daram. Kashe wayar ka share da tsinken sakace a hankali, ban da allura. Daga nan cire manhajar waƙar daga jerin waɗanda waya ke kashewa don tattalin batir, domin adaftar daga batirin wayar take shan wuta. Wasu wayoyin, kamar Oppo da Realme, suna da makunnin OTG, mai ba waya damar aiki da na'urar da aka jona a ramin caji, da ke kashe kansa bayan minti 10 in ba a jona komai ba. In ƙaras-ƙaras kake ji, sa wayar a yanayin jirgin sama ka saurara: in ƙaras-ƙaras ɗin ya daina, siginar waya ce ke shiga adafta marar kariya, sai canji. In kuma ta intanet kake ji, ka sani bit 24 da kilohaz 96 yana cin kilobit 4,608 a daƙiƙa kafin a matse shi, faifan CD kuwa 1,411. Sauke fayil ɗin a gida ya fi maka.

Fayilolin da aka tura maka ma ina da shakka a kansu. Waƙar da aka ɗauko daga kaset, ko MP3 mai kilobit 128 da wani ya juya zuwa FLAC, mudu ɗaya ne aka zuba a buhu: buhun ya ci wuri, hatsin bai ƙaru ba. Buɗe fayil ɗin da manhajar Spek a kwamfuta. In zanen amon da ta nuna ya yanke tsaf a wajen kilohaz 16, alama ce cewa asalinsa MP3 ne.

To, mu dawo kan mai gyaran nan, domin maganarsa ce nake ji kusan kullum a bakin samari, kuma ita ce ke ƙona min rai. Inganci da ƙara ba su da dangantaka ko ta sisin kwabo. Bit 24 ba ya nufin sauti ya fi ƙarfi. Abin da yake ƙarawa shi ne tazara tsakanin sauti mafi laushi da mafi ƙarfi da fayil zai iya riƙewa: desibel (ma'aunin ƙarfin sauti) 96 a bit 16 na faifan CD, kimanin 144 a bit 24. Ribar tana can ƙasa, wajen sauti mai laushi, kuma mu masu haɗa sauti a situdiyo ne muka fi cin moriyarta. Kilohaz 96 kuwa yana ba da damar ɗaukar amon da ya wuce kilohaz 20, iyakar jin ɗan Adam ke nan tun yana yaro, kuma iyakar raguwa take da shekaru. Ina ƙara ta shigo a nan?

Manhajar ƙara murya ba ta da wutar da za ta ƙara wa adafta. Sautin dijital yana da rufin da ba ya wucewa. In aka tura shi sama da rufin, sai a aske kawunan igiyar sautin, ko a danne komai ya zama daidai wa daida, mai laushi da mai ƙarfi. Shi ya sa za ka ji muryar mai karatu ta yi kaushi, harafin sin da shin suna soke kunne. Wato ka biya kuɗi don sauti mai tsabta, shi kuma ya karɓi kuɗi ya ɓata shi, gyaran gangar Auzinawa. Ɓoyayyen saitin da ya shiga, wanda ake samu a wayoyi masu injin MediaTek, an yi shi ne don injiniyoyin kamfani su gwada waya, lambobin da ke ciki kuma an tsayar da su ne don kare lasifika da kunne. Mutumin da bai taɓa riƙe ma'aunin desibel ba ya ɗaga su da ka, ya miƙo maka waya yana murmushi.

Ga lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya ga baligi: desibel 80 na awa 40 a mako. Duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. A desibel 90 awa 4 kake da su a mako gaba ɗaya, a desibel 100 minti 20 kacal. Hedifon da aka ƙure ta adafta mai ƙarfi yana iya kai 100 har ya wuce. Yanzu auna da tafiyarka, daga Agege ka bi ta Oshodi ka gangara Apapa cikin cunkoso, ka dawo da yamma. Tafiyar safiya ɗaya ta cinye rabon makonka. Hukumar ta ce matasa sama da biliyan ɗaya ne ke cikin haɗarin rasa ji saboda irin wannan saurare, kuma a 2019 ta fitar da ƙa'idar saurare lafiya ga masu ƙera na'urori tare da hukumar sadarwa ta duniya. Gargaɗin nan da waya ke fitarwa in ka ɗaga ƙara, wanda masu gyara ke alfaharin sun iya cire shi, saboda wannan haɗarin aka sa shi.

Abin da ke ba ni tsoro shi ne ɓarnar ba ta zuwa da ciwo. A can cikin kunne akwai ƙananan ƙwayoyi masu gashi da ke juya motsin sauti ya zama saƙo zuwa ƙwaƙwalwa. In suka mutu ba sa sake tsirowa. Masu jin siririn amo ne ke fara tafiya, wato daidai abin da ka sayi kayan nan don ka ji. Sai mutum ya ga sauti ya dushe, ya ƙara murya, ya ƙara kashe wasu, ya koma kasuwa neman adafta mafi ƙarfi. Ina ganin samari suna zuwa da hedifon suna rantsuwa ya lalace, in sa a kunnena in ji shi garau. Kunne amana ce, ɗan'uwa, kuma da shi kake son jin Alƙur'ani har tsufa.

Dalilin rashin isar ƙarar tun farko ɗaya ne cikin biyu. Ko hedifon ɗin mai nauyin ja ne, irin mai om 250 (om shi ne ma'aunin turjiyarsa ga wutar lantarki), wanda ƙaramar adafta ba ta iya tuƙawa, ko kuma yana barin hayaniyar waje ta shigo, kana kokawa da injin danfo da hon da kwandasta. Duba kwalinsa. In om ɗin ya yi yawa, bar shi don gida. Don hanya nemi iyafis mai robar da ke toshe kunne sosai, ko mai kashe hayaniya, za ka ga rabin ƙarar ma ta ishe ka. Ra'ayina kuma, a cikin danfo babu kunnen da zai bambance kilohaz 48 da 96, don haka kada launin fitila ya hana ka barci. Ka sa a mayar da ɓoyayyen saitin yadda yake, in ya gagara ka kwashe kayanka ka mayar da wayar saitin kamfani.

Tsuwwar kuwa ta fi ƙarfin sana'ata. Ka huta da hedifon gaba ɗaya na 'yan kwanaki. Kada ka ɗiga man zaitun ko ruwan tafarnuwa, kada ka sayi maganin ɗigawa wurin masu talla a tasha, domin abin yana can ciki inda ɗigo ba ya kaiwa. Je sashen kunne da hanci da maƙogwaro a asibitin koyarwa na LASUTH da ke Ikeja, shi ya fi kusa da kai, ko na LUTH a Idi-Araba, ka nemi a yi maka gwajin ji, ka gaya wa likita tsawon lokacin da kake saurare a rana da abin da aka yi wa wayar. In ka wayi gari jin kunnen daman ya ragu farat ɗaya, ko jiri ya biyo baya, ranar za ka tafi, kada ka jira hutun ƙarshen mako. Allah Ya ba ka lafiya. In ka dawo, turo min sunan wayar da na hedifon ɗin in faɗa maka adaftar da ta dace da su.